Ruwan Rufi da Katangar Tare Ƙasa: Amsoshin Tambayoyinku

Yawancin wasiƙun wannan karon daga masu gidaje ne a kan gangare, inda aka cike wani ɓangare da ƙasa sannan aka gina katanga ta tare ta. Kowa hankalinsa na kan katangar: ta tsage, ta yi ciki, tana zufa, wane bulo za a saya, wane fenti za a shafa. Da na karanta su a tsanake, sai na ga a mafi yawansu matsalar daga saman kwano ta faro. Na ɗauko waɗanda amsarsu za ta amfani ko wanda bai rubuto ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gidana ya fi filin da ke ƙasansa tudu da mita 1.5, katangar bulo ce ke riƙe da ƙasar. Ruwan kwano yana zuba kai tsaye tsakanin ɗakuna da katangar. Bana na lura ta ɗan yi ciki. Magini ya ce in ƙara mata ginshiƙai daga waje, abokina kuma ya ce in fara sa gota a bakin kwano. Ƙarfina ba zai kai duka biyun ba yanzu. Da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da gota, kuma kada ka jira ruwa na gaba.

Ga lissafin da ya sa na ce haka. Duk milimita 1 ta ruwan sama da ta sauka a kan murabba'in mita 1, lita 1 ce. Mu ɗauka rufinka murabba'in mita 100 ne, rabinsa ya karkata zuwa baya. Idan aka yi ruwa na milimita 30, wanda ba wani babban ruwa ba ne, wannan rabin kaɗai zai juye lita 1,500 a bayan katangar. Zirin ƙasar da ke tsakanin ɗakuna da katanga, in faɗinsa mita 2 ne tsawonsa mita 10, rabonsa daga sama lita 600 ne kawai. Ka ga rufin ya ninka masa kaya fiye da sau uku, kuma a wuri guda yake zubawa, da ƙarfi, yana huda ƙasa yana nutsewa.

Me ya sa ruwan ke da haɗari ga katanga? Busasshiyar ƙasa mai yashi tana riƙe kanta da kanta, domin ƙwayoyinta suna cije da juna. Saboda haka kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ne kawai ke tura katanga ta gefe. Wani injiniyan sojan Faransa, Charles Coulomb, shi ya tsara wannan lissafi, aka wallafa shi a 1776, kuma har yau a kansa ake ɗora zanen irin waɗannan katangu. Ruwa kuwa ba ya riƙe kansa: yadda yake danna ƙasa, haka yake tura gefe, ba ragi. Bayan haka kuma, kamar yadda injiniya Karl Terzaghi, masanin ƙasar gini, ya nuna a shekarun 1920, idan ruwa ya cika ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, yana sassauta cijewar da suka yi wa juna. Katanga mai tsayi irin na taka, in ƙasar bayanta a bushe take, tana ɗaukar turi na kimanin kilo 700 a kowace mita ta tsawonta. In ƙasar ta jiƙe sharkaf har ruwa ya kai sama, turin zai kai wajen kilo 1,500. Kuma tsayi yana ƙara tsananta lamarin: ruwan da ya taru mita 1 a bayan bango yana tura kowace mita da kusan kilo 500, amma in ya kai mita 2, tan 2 ne, wato ninki huɗu.

To idan ka kashe kuɗin a ginshiƙai ka bar ruwan yana zuba, katanga da ginshiƙan duka zai ci gaba da turawa, musamman in an manna su ne daga waje ba a haɗa harsashinsu da nata ba. In ka ɗauke ruwan rufi, ka sauke mata babban kaso na kayan da ba a gina ta don ɗauka ba.

Amma kada ka ɗauka gota za ta miƙar da katangar da ta riga ta yi ciki. Ba za ta miƙe ba. Fatan shi ne ta tsaya inda take. Ka buga ƙusa a samanta a wurare uku, ka rataya igiya mai ɗan nauyi a ƙarshenta, ka auna tazarar igiyar da jikin bango a tsakiya da kuma ƙasa, ka rubuta tare da kwanan wata. Ka sake aunawa bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Idan awon yana canjawa, ko ka ga tsaga a kwance ta bi layin bulo, ko ƙasar da ke bayan katangar ta buɗe baki ta bi tsawonta, to magana ta wuce gota da magini. Ka hana yara wasa a gindinta, ka janye duk wani abu mai nauyi daga samanta, ka kira injiniyan gine-gine. Dama katangarka ta wuce tsayin da ake ginawa da ka. A dokar ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi, katangar tare ƙasa da ta haura mita 1.2, daga ƙasan harsashi zuwa sama, sai da izini, kuma ko ba ta kai haka ba in akwai wani nauyi a kanta, sai an nema. Ba don wahalar da mutane aka sa wannan iyaka ba. Daga nan ne kuskure ke iya zama asarar rai.

Tambaya: Malam, gotar roba ta fi ko ta ƙarfe? Kuma wane girma zan saya?

Amsa: Ko wacce za ta yi aiki in an ɗaura ta daidai. Ta roba ba ta tsatsa, amma tana miƙewa da zafi tana tsukewa da sanyi, kuma in ba mai jure hasken rana ba ce, takan yi gautsi ta fashe. Ta ƙarfe mai rufin tutiya ko ta alminiyam ta fi jure duka da nauyi, sai dai a kula da mahaɗanta. Abin da ya fi damuna shi ne girma da yawan mafita. Ruwa mai ƙarfin milimita 75 a awa guda, a kan rufi mai murabba'in mita 100, yana sauko da lita 2 a kowace daƙiƙa. Siririyar gota mai bututun sauka ɗaya a can ƙarshe ba za ta iya da wannan ba, za ta cika ta tumbatsa, ruwan ya koma inda kake gudu. Ka sayi mai faɗi, ka sa bututun sauka mai faɗin milimita 75 ko 100 a kowace mita 10 ko ƙasa da haka, ka ƙara ɗaya a duk inda fuskokin kwano biyu suka haɗu, don nan ruwa ke taruwa. A karkata gotar da kimanin santimita 1 a kowace mita 4 zuwa wajen mafita. Kada ka yi tsimin maƙalai. Gotar da ta lotsa a tsakiya tafki ce ta ganye da sauro.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Lokacin da aka gina katangarmu an sa bututu mai huje-huje a gindinta ta baya. Yanzu za mu sa gota, mai aikin famfo ya ce a haɗa bututun saukar ruwan rufi da wancan na ƙasa, tunda dai duk waje ɗaya za su fita, mu huta da sayen wani bututun da sabon haƙa. Maigida ya amince, ni ce zuciyata ba ta kwanta ba.

Amsa: Hajiya, zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Ki roƙi maigida ya dakatar da wannan aikin. A cikin duk tambayoyin yau, babu shawarar da na fi jin tsoro kamar wannan, domin tana da sauƙin karɓa kuma ba a ganin ɓarnarta sai ta yi nisa.

Bututu mai huji aikinsa tsotse ɗan ruwan da ke tsiyaya a hankali cikin ƙasa. Hujin da ke barin ruwa ya shiga, shi ne kuma zai bar shi ya fita. Idan aka juye masa lita 2 a daƙiƙa daga rufi, zai cika, ruwan ya fesa ta hujojin ya cika tsakuwar da ke bayan katanga daga ƙasa zuwa sama. Wato da kuɗinku kun gina hanyar da za ta kai ruwan rufi daidai gindin katanga, wurin da ya fi ko'ina rauni, kuma a lokacin da ƙasar ta riga ta jiƙe. Ga ganye da ƙura da yashin da ruwan rufi ke kwasowa. Sannu a hankali za su toshe bututun da ba a iya buɗewa sai an tone katanga.

Ruwa biyu ne, kowanne da hanyarsa. Na rufi ya bi bututu marar huji ko ɗaya, tun daga bakin gota har inda zai fita. Na cikin ƙasa ya bi mai huji. In dole sai sun haɗu, to su haɗu a can ƙasa da katangar, cikin ɗan rami mai murfi, kuma bakin bututu mai huji ya fi na fita tudu, don kada ruwan rufi ya komo da baya.

Wajen saye, a nemi bututun PVC mai kauri wanda aka yi don binnewa, mai faɗin milimita 100 ko 110. A ba shi gangara ta aƙalla santimita 1 a kowace mita. In wuri ya ba da dama, santimita 2 ta fi, don ya riƙa wanke kansa. A sa rariyar tare ganye a inda ya karɓi ruwan gota, a bar ƙofar sharewa mai murfi a kowace gwiwa. Kafin a mayar da ƙasa a rufe, a toshe ƙarshensa a cika shi da ruwa a bar shi na ɗan lokaci a ga ko ruwan zai ragu. Wannan gwajin ba ya cin komai, amma masu aiki da yawa suna tsallake shi, kuma bututun da ke yoyo a ɓoye a bayan katanga ya fi wanda babu shi muni. A ranar 23 ga Yuli, 1994, wata tsohuwar katangar dutse ta rushe a rukunin gidajen Kwun Lung Lau da ke Hong Kong bayan ruwa mai yawa, mutum 5 suka rasu, 3 suka ji rauni. Binciken da aka yi ya gano cewa ruwa ne ya riƙa tsiyaya daga lalatattun bututan da ke binne a bayanta, ga shi kuma katangar ba ta kai kaurin da ake zato ba.

In da hali, bututun ya zagaya ta ƙarshen katangar. In ba hali, ya haura ta sama ya sauko ta fuskarta a fili inda ido ke ganinsa, ko ya ratsa ta cikin wani bututun da ya fi shi faɗi wanda aka kafa a jikin ginin, don kada motsin katanga ya karya shi. Kuma kada a sake shi ya riƙa zuba a gindin katanga ta gaba. Ƙasar da ke nan ita ke hana ƙafar katangar zamewa. In ruwa ya zaizaye ta, an koma gidan jiya. A kai shi nesa, a shimfiɗa duwatsu ko siminti a inda yake faɗuwa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, zan gina sabuwar katanga mai tsayin mita 1. Birkila ya ce ba sai na sayi tsakuwa ba, a mayar da ƙasar da aka tone tare da ɓaraguzan bulo, sannan a shimfiɗa leda mai kauri a jikin bangon. Na kuma ji ana maganar wani ƙyalle da ake sawa. Me ya wajaba in saya, me zan iya bari?

Amsa: Tare da naka. Tsakuwar ba ta cikin abin da ake bari. Araha ba ta ado, kuma a nan ma ba ta ƙarko. Ƙasar da aka tone, in tana da laka, ita ce mafi munin abin da za a jingina wa katanga: tana riƙe ruwa, wasu irinta suna kumbura in sun jiƙe su tsuke in sun bushe, kuma kowane zagaye suna ƙara tura bangon gaba kaɗan, ba ya kuma komowa. Ɓaraguzan bulo suna zuwa da garin siminti da ƙura, suna marmashewa, su toshe hanyar da ake so ruwa ya bi.

Abin da kake buƙata shi ne wankakkiyar tsakuwar dutse, mai kaifi-kaifi, girman milimita 20 ko kusa da haka, wadda ba a gauraya da garin dutse ba. Ka je ka gani da idonka kafin a loda. In ka damƙa ka ga hannunka ya yi fari fat da ƙura, a wanke ta ko ka nemi wata. A zuba ta faɗin santimita 30 aƙalla, tun daga harsashi har kusa da sama. Lissafinta ba wuya: katanga mai tsawon mita 10 da tsayin mita 1 za ta ci kimanin kubik mita 3. A gindin tsakuwar nan ne bututu mai huji zai kwanta, da gangara zuwa mafita a fili.

Ƙyallen da ka ji ana faɗa, jiyotekstayil sunansa a kasuwa. Aikinsa irin na tsumman da ake tace ruwa da shi ne: ruwa ya wuce, laka ta tsaya. Ana shimfiɗa shi tsakanin tsakuwa da ƙasar baya, a naɗo shi ya rufe saman tsakuwar. Ka nemi wanda ba saƙaƙƙe ba, mai laushi da kauri, domin shi ya fi barin ruwa ya wuce. Saƙaƙƙen da ake sawa a ƙarƙashin hanya don ƙarfi, ba shi ne na wannan aikin ba. In ƙasarka laka ce mai santsi ƙwarai, a sa ɗan zirin yashi mai kaushi tsakaninta da ƙyallen, don kada ta shafe fuskarsa ta toshe shi. Leda kuwa ba ta maye gurbinsa. In an sa ta tsakanin ƙasa da tsakuwa, ta hana ruwa isa magudana. A jikin bangon, shafa kwalta ya fi ta, don leda tana yagewa wajen zuba tsakuwa. Kwaltar tana hana danshi ratsa bulo, amma ba ta rage turin ruwa ko kaɗan. Tsakuwa da bututu ne ke wannan.

Akwai abu biyu da ake yawan mantawa. Na farko, kada tsakuwar ta fito har sama a buɗe. In ta fito, duk ruwan farfajiya zai bi ta ya gangara bayan katanga. A rufe santimita 15 zuwa 30 na sama da ƙasa mai laka da aka daddale, ko da siminti. A nan ne lakar da ka tone za ta yi amfani. Na biyu, farfajiya dole ta gangara daga jikin ɗakuna (a dokar Amurka da na ambata, santimita 15 a mita 3 na farko), kuma sau da yawa wannan gangara katangar take fuskanta. To sai a yi 'yar kwata ta siminti a bayan kan katangar, ta tare ruwan saman ƙasa ta kai shi gefe.

A bar ƙofofin tsiyaya a layin bulo na ƙasa, sama kaɗan da ƙasar gaba, faɗin milimita 50 zuwa 75, tazarar mita 1 zuwa 1.5. Ko bututu ya toshe wata rana, su za su ba ruwa hanya, kuma su ne za su nuna maka abin da ke faruwa a baya. In kana da wadatar fili da dutse, kejin waya cike da duwatsu, wato gabiyon, ya cancanci ka duba shi: ruwa yana ratsa shi gaba ɗaya, sai dai a sayi mai waya mai rufin tutiya mai kauri, a kuma sa masa ƙyallen a baya.

Tambaya: Baƙin bututu mai lanƙwasa da ake sayarwa a naɗe, ko fari mai tauri? Kuma hujojin sama za su kalla ko ƙasa?

Amsa: Ni mai tauri nake zaɓa. Mai lanƙwasan ya fi sauƙin ɗauka da bin kwana, amma yana bin duk wani lotsawar ƙasa, sai ya yi kwari a tsakiya laka ta kwanta, ga cikinsa gargada, ga shi yana iya matsewa in an danne shi da kaya. Mai tauri cikinsa sumul yake, yana riƙe gangararsa, kuma ana iya zura sandar sharewa a ciki ba tare da ya yage ba. Hujojin ƙasa za su kalla. Ruwa a bayan katanga daga ƙasa yake tasowa, don haka hujin ƙasa ne zai karɓe shi tun bai yi tudu ba. In sama suka kalla, sai ruwa ya haura bututun kafin ya samu shiga. Ka fito da ƙarshensa na tudu zuwa sama ka sa masa murfi, don ka riƙa zuba ruwa kana gwada shi, ka kuma sa raga a bakin fita saboda ɓeraye da kwaɗi.

Tambaya: Malam, ni ina ganin in na sayi tanki mai lita 1,000 na tara ruwan rufin, na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Wurin da ya fi dacewa kuwa shi ne kusa da katangar, a sama.

Amsa: Tara ruwan abu ne mai kyau, ina goyon baya. Amma tanki ba ya maye gurbin magudana. Rufi mai murabba'in mita 100 zai cika lita 1,000 da ruwan milimita 10 kacal. Ruwan da ke kayar da katanga shi ne na kwana biyu ko uku a jere, kuma a lokacin tankin ya daɗe da cika. Saboda haka abin tambaya kafin ka biya shi ne ina rarar za ta bi. Bututun rara ya zama faɗinsa ya kai na shiga, marar huji, ya wuce katangar kamar yadda na bayyana wa Hajiya. Tankuna da yawa suna zuwa da 'yar ƙaramar ƙofar rara. A faɗaɗa ta.

Wurin da ka zaɓa kuma bai yi ba. Cikakken tankin nan tan 1 ne, a kan wurin da bai fi murabba'in mita 1 ba sosai, kuma wani kaso na wannan nauyi zai koma turi a jikin katanga. Ka ja shi baya da tazarar da ta kai tsayin katangar aƙalla, in ta fi ma ya fi kyau, ko ka sauke shi ƙasa da ita, inda ruwa zai gangara masa da kansa kuma ko ya yi yoyo ba zai cutar ba. Haka abin yake ga ajiye mota, tulin yashi ko bulo. Ka haɗa da abin da ke zubar da ruwan farko mai datti, da raga mai ƙananan ido a kowace ƙofa saboda sauro.

Tambaya: Baba, katangarmu tana yin wani farin gari kamar gishiri, fenti yana ɓarewa kowace shekara. An ce in sayi fenti mai hana ruwa. Babu huji ko ɗaya a jikinta.

Amsa: 'Yata, ki ajiye kuɗin fentin tukuna. Farin garin nan gishirin da ke cikin siminti da bulo ne. Ruwa ke narkar da shi ya fito da shi, in ya bushe sai ya bar shi a fuska. Shaida ce cewa ruwa yana ratsa katangar daga baya. Fentin da zai toshe fuskarta zai kulle ruwan a ciki, ko dai ya kumbura ya ɓare, ko ya riƙe ya ƙara wa bangon turi, kuma in akwai rodi a ciki, danshi zai sa ya yi tsatsa ya fasa kankaren.

Ki fara duba daga ina ruwan ke zuwa. Ki fita lokacin da ake ruwa ki ga inda indararo ko bakin kwano ke zubarwa, da inda ruwa ke kwanciya. Ki duba famfo, bututun wanka da wanki, da shukokin da ake ba ruwa kullum a bayan katangar. In danshin bai ɗauke ba ko da an daɗe ba a yi ruwa ba, bututu ne ke yoyo. Bayan an gyara wannan, a kira mai injin huda kankare ya buɗe ƙofofin tsiyaya a ƙasa, su ɗan karkato waje, a kauce wa rodi, a zura guntun bututu mai raga ko ƙyallen tacewa a bakinsa na ciki don kada ƙasa ta riƙa biyo ruwa. Ba za su kai tsakuwa aiki ba, amma sun fi babu nesa ba kusa ba. In an yanke shawarar tone bayan katangar a zuba tsakuwa, a yi shi lokacin da ƙasa ta bushe, kashi-kashi, da ido na wanda ya san aikin. Fenti ya zo daga ƙarshe, kuma mai barin danshi ya fita.

Tambaya: Malam, ba ni da kwatar titi a ɓangaren da gidana ya gangara, gidan maƙwabci ne a ƙasana. Zan iya haƙa rami in zuba duwatsu ruwan rufi ya riƙa nutsewa?

Amsa: Za ka iya, in ƙasarka tana shan ruwa kuma kana da fili. Amma ba a bayan katanga ba, ko da tazara ce mai ɗan dama, domin ramin aikinsa cusa ruwa cikin ƙasa, kuma ruwan gangara zai bi ya tarar da ita. A ƙa'idar gini ta Ingila, irin wannan rami ba ya kusantar gini ko hanya da ƙasa da mita 5, kuma ana so rabin ruwansa ya nutse cikin awa 24 don ya karɓi na gaba. Ka riƙe wannan tazara daga gidanka, daga katangar, da kuma ginin maƙwabcinka. Kafin ka sayi dutse ko akwatunan roba da ake binnewa don wannan aiki, ka haƙa ramin gwaji daidai zurfin da kake nufi, ka cika shi da ruwa sau uku a jere kana duba saurin nutsewarsa. Na ukun shi ne abin dogaro, don a lokacin ƙasar ta ƙoshi. In ka wayi gari ruwan na nan, ƙasar laka ce, kada ka kashe kuɗinka. Ka kuma sani cewa ramin da aka cika da duwatsu, kusan kashi ɗaya cikin uku na girmansa ne kawai wurin ruwa; akwatunan roba sun haura kashi 90 cikin 100, shi ya sa suke cin ƙaramin fili.

In ramin bai yiwu ba, gota tana ba ka damar da mutane ba su cika lura da ita ba: ruwan yana can sama, sau da yawa ya fi titi tudu. A karkata gotar zuwa gaban gida, ko a bi da bututu a jikin bango ta gefe, sai ruwan rufin baya ya fita ta gaba ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Abin da zai rage a baya ɗan kaɗan ne. Shi ma kada ka tara shi a bututu ɗaya ka saita gidan maƙwabci. A ƙasashe da yawa doka tana kama wanda ya tattara ruwa ya sake wa na ƙasa da shi, kuma ko ba doka, haƙƙi ne. Ku zauna da shi ku duba ko bututu marar huji zai iya ratsa gefen filinsa zuwa magudana ta gaba, ku rubuta yarjejeniyar, ku kuma tambayi hukumar da ke kula da gine-gine a yankinku inda aka yarda a saki ruwan sama, domin wurare da dama sun hana haɗa shi da bututun bayan gida.